Yadda Ake Gane Kayan Allon Gefe a Tsohon Jirgin Boeing 727

Duk wanda ya leƙa ɗakin matuƙan Boeing 727, jirgin da ya fara tashi a 1963 aka daina ƙera shi a 1984, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne babban allon da ke gefen dama, bayan kujerar mataimakin matuƙi. Nan ne mazaunin injiniyan jirgi, mutum na uku a ɗakin, wanda kujerarsa ke juyawa ta fuskanci bango. Mutanenmu da yawa sun hau wannan jirgi lokacin da Kabo Air da Chanchangi ke aiki da shi, kuma ina jin ya kamata masu koyon gyaran jirgi su san allon nan kafin ragowar jiragen su ƙare.

Kada ka ce za ka haddace makunnai ɗaya bayan ɗaya, domin za su rikita ka. Ka bi fararen layukan da aka zana a jikin allon, waɗanda ke nuna hanyar da wuta ko mai ko iska ke bi daga tushe zuwa inda ake buƙata. Da yake injinan jirgin uku ne, inda ka ga abu ya jeru uku-uku, to galibi kowane ɗaya na injin guda ne.

Ka fara daga sama ta hagu, inda sashen lantarki yake. Ma'aunan da ke nuna volt 115 da zagaye 400 a daƙiƙa na janaretoci ne. A nan za ka ga makunnai uku da aka rufe da jan murfi, waɗanda ke raba janareta da injinsa. An rufe su ne saboda idan aka raba janareta da injinsa jirgi na sama, ba a iya sake haɗa su sai jirgi ya sauka, don haka ko a jirgin da aka ajiye ka saba wa hannunka kada ya ɗaga jan murfi haka kawai.

Ƙasa da shi akwai sashen mai, mai ma'aunai uku na tankunan fuka-fukai biyu da na tsakiya, tare da famfuna da bawul ɗin da ke ba injin ɗaya damar shan man wani tanki. Ma'aunin da allurarsa ke tsayawa wajen 3,000 kuwa na haidrolik ne, wato matsin ruwan da ke motsa sassan jirgi, kuma haruffan A da B suna bambanta tsarin da injina na 1 da na 2 ke turawa da wanda famfunan lantarki ke turawa. Ɓangaren dama na iskar sanyaya ɗakin fasinja ne da daidaita matsinta.

Sauran kayan gefe ba su da wuyar ganewa. Ƙananan baƙaƙen maɓallai masu lamba a kai na yanke wuta ne, wanda ya fito waje har farin wuyansa ya bayyana ya yanke ke nan. Ta hagun kyaftin kuma akwai ƙaramin sitiyarin juya tayar gaba a ƙasa, kusa da takunkumin iskar numfashi. Idan wani makunni ya saɓa wa abin da ka saba gani, ka duba littafin wannan jirgin kansa, domin kowane kamfani yana sayen jirginsa da tsarin da ya zaɓa.