Sunanka a bakin Bature: shawara ga sabon zuwa Ingila ko Amurka

Mai suna Muhammad ba shi da wahala sosai a Ingila, domin a shekarar 2023 shi ne sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales. Masu wahalar su ne irin su Talatu, Asabe, Ɗanladi, Tanko da Gambo, waɗanda likita a Leeds ko malamar makaranta a Houston ba su taɓa jin sunansu ba. Irin wannan suna, mai shi ne zai koya wa mutane yadda za su saka shi a magana, in ba haka ba su yi masa yadda suka ga dama.

Mu fara da jinsi. A Hausa, da an ce "Asabe ta zo", an san mace ce. A Turanci kuwa "Asabe came" bai nuna komai ba, sai an kai ga "he" ko "she", kuma a nan ne wanda bai san sunan ba yake yin cinta. Ballantana Gambo, wanda ko a gida maza da mata duk suna amsa shi. Saboda haka idan za ki aika imel zuwa ofis ko makaranta, sa "Ms" a gaban cikakken sunanki a ƙarshen wasiƙar, namiji kuma ya sa "Mr". "Ms" ba ruwanta da ko kina da aure ko ba ki da shi.

Amma in ana kira, "Mr" da "Ms" da sunan ƙarshe suke tafiya. Da Shehu Shagari zai je asibiti a can, "Mr Shagari" za su kira, ko da yake Shagari sunan garinsu ne. To ka san wanne ne sunanka na ƙarshe a fasfo, ka kuma saba amsa shi. Alhaji, Hajiya da Malam kada su shiga gurbin suna a fom. Idan kuma sunan ƙarshe na ɗanki ya bambanta da naki, kamar yadda aka saba a wajenmu, riƙe takardar haihuwarsa duk lokacin da za ku yi tafiya.

Masu suna Ɗanjuma da Ɗanladi, ku rubuta sunan a haɗe. In kun raba shi, za a ɗauka "Dan" ne sunanku, wato taƙaitaccen Daniel. Ba rashin ladabi ba ne ka ce "It's Danjuma, please", kuma gara ka faɗa tun ranar farko a wurin aiki, kafin bakinsu ya saba. In ka ji an ce "the Danjumas", kai da iyalinka ake nufi, "Danjuma's car" kuma motarka ce.

Abin da ya fi yi wa mutanenmu nauyi shi ne alkunya. Matar da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, a asibiti dole ta faɗe shi ƙarara tare da ranar haihuwa, domin da haka ake tabbatar da wanda za a ba magani. "Maigidana" ba zai buɗe fayil ba. Wadda abin ya yi mata nauyi ta rubuta a takarda ta miƙa. Haka kuma yarinyar da ba ta kai sa'ar 'yarka ba za ta kira sunanka kai tsaye, ba Baba ba Malam. Ba raini ba ne, haka suke kiran shugabansu a ofis.

Sai rubutu. Layuka biyun nan na ƙasan fasfo da na'ura take karantawa ba su ɗaukar ɗ, ƙ ko ɓ, ba su kuma ɗaukar alamar da ke cikin Sa'adatu, sai ya koma SAADATU. Yadda sunan yake a fasfo, haka za ka rubuta shi a banki, a tikitin jirgi da wajen likita. Ɗan Nijar da fasfonsa ya ce Ousmane kada ya mayar da shi Usman don ya shiga ƙasar masu Turanci. Mai suna guda ɗaya tak kuma ya gyara fasfo kafin neman bizar Amurka, don sukan cike gurbin da FNU, ma'ana ba a san sunan farko ba, kuma haruffan nan uku za su bi shi har sauran takardunsa.