Yadda za ka hana rubutun cikin layi juyewa ƙasa a AutoCAD

Duk mai zanen bututun ruwa ko kwata ko layin wuta a AutoCAD ya san wannan ciwon kai, ka haɗa layinka mai rubutu a ciki, misali RUWA, ka ja shi daga hagu zuwa dama komai ras, kana juyowa daga dama zuwa hagu sai rubutun ya kife kansa a ƙasa, a firinta takarda a kai sait injiniya yana karkata wuya kafin ya karanta. Maganin yana cikin harafi ɗaya ne kacal a fayil ɗin layin.

Salon layukan suna zaune ne a fayil mai ƙarewa da .lin, na asali su ne acad.lin da acadiso.lin, na biyun shi masu aiki da milimita suke ɗauka. Kar ka taɓa na asalin, buɗe Notepad ka yi naka daban, ka sa masa suna kamar nawa.lin. Kowane salo layi biyu ne:

*RUWA,Bututun ruwa ---RUWA---RUWA---
A,12,-4,["RUWA",RUBUTU,S=2.5,U=0,X=-2,Y=-1.25],-8

RUBUTU ɗin nan sunan salon rubutu ne, dole ka fara ƙirƙirarsa da kwamand ɗin STYLE kafin ka yi lodin, in ba haka ba zai ƙi shiga. Kuma ka bar tsayinsa a 0, don in ka sa masa tsayi to S zai ninka wannan tsayin ne, sai ka ga rubutu ya kumbura ya cinye layin. S girma ne, X yana tura rubutun gaba ko baya a kan layin, Y sama ko ƙasa, rabin S da alamar debewa ya isa ya zaunar da shi a tsakiya.

To wurin da U=0 yake, nan ne maganar take. Zaɓi uku gare ka. R yana juya rubutun ya bi layin duk inda ya nufa, shi ya sa yake kifewa, don layi yana da farko da ƙarshe ko da ido ba ya gani, inda ka fara dannawa shi ne farkon. A kuma ba ruwansa da layin, in ka ce A=0 rubutun zai tsaya a kwance ko layin a tsaye yake ko a karkace, yana da kyau ga alamar da kake so ta kalli sama kullum amma dogon rubutu kan layin tsaye sai ya gitta shi ya yi muni, ni dai ban cika amfani da shi ba. Kar ka rikita shi da A ɗin farkon layi na biyu, wancan na jera ɗigo da sanduna ne, kullum yana nan ba ya canzawa. Sai U, wanda ya shigo a AutoCAD 2011, shi ma yana bin layin kamar R amma da ya ga rubutun zai kife sai ya miƙar da shi. Lambar gaba digiri ce, in kana son radiyan ka ƙara r a ƙarshenta, in ba ka rubuta komai ba kwata-kwata manhajar za ta ɗauka R=0 ne.

Saboda haka tsohon fayil ɗinka, canza R zuwa U, ka yi sabin, ka buga LINETYPE, ka danna Load ka zaɓo fayil ɗin, zai tambaye ka ko a sake lodin wanda yake ciki ka ce e, sannan ka buga REGEN don zanen ya sabunta. Nan mutane da yawa suke makalewa, sun gyara fayil sun zata shi kenan, alhali zanen yana riƙe da tsohon bayanin a cikinsa har sai an sake lodin. Ka kuma danna Enter bayan layin ƙarshe a Notepad.

Amma fa kar daɗin U ya ɗebe ka ka bi komai ka sa masa. Layin kwata mai kibiya da ke nuna inda ruwa yake gangarawa, wannan R yake so:

*KWATA,Magudana --->--->---
A,10,-2,[">",RUBUTU,S=2,R=0,X=-1,Y=-1],-2

In ka sa U a nan, duk layin da ya nufi hagu kibiyarsa za ta juya ta kalli dama don a ganin manhajar gyara ta yi maka, ka ga ke nan a takarda ruwa yana hawa tudu, kuma mai haƙa abin da ya gani zai bi, ranar da damina ta sauka ne za a gane. Kibiya da haƙoran gangare da duk alamar da ɓangarenta yake da ma'ana, bar su a R, kai kuma ka kula da inda layin ya nufa.

In ka riga ka ja shi a baibai ba sai ka goge ba, buga REVERSE ka zaɓi layin ka danna Enter, farko ya koma ƙarshe. Tun AutoCAD 2010 yake nan, yana aiki a kan layi da polyline (layi mai gaɓoɓi a haɗe) da spline (layi mai lanƙwasa). Baka da da'ira ne ba ya kamawa, ita baka ka fara mayar da ita polyline da PEDIT sannan ka juya ta.

Wasu dabararsu su yi salo na biyu mai R=180, yana yi, sai dai rubutun yakan zame daga gurbinsa, dole ka sake wasa da X da Y har ya zauna, ga kuma salo biyu na abu ɗaya a zane, wanda ya karɓi aikin bayanka zai sha wahala.

Sai polyline mai kwana da yawa inda alamar take ɓacewa a gajerun gaɓoɓi, wannan ba matsalar juyi ba ce. Sa PLINEGEN a 1 don sababbin da za ka ja, waɗanda ka riga ka ja kuma ka zaɓe su ka kunna Linetype generation a Properties, in har yanzu ba su fito ba rage LTSCALE, wato girman salon layin, kaɗan ka sake REGEN.