Yadda za ki ƙwato barcinki daga hannun waya ba tare da kin daina kallo ba

Na daɗe ina zaton ciwon kan da nake tashi da shi da safe alama ce ta wata cuta da ke ɓoye a jikina, har sai ranar da na buɗe sashen da ke ƙirga sa'o'in da nake yi a kan waya, na ga abin da ya ba ni kunya. Kusan kowane dare nakan kwanta da niyyar kallon kashi ɗaya na wani shiri mai dogon zango, sai in farka cikin dare waya tana kan ƙirjina, abin sauraro ɗaya a kunne, ɗayan ya shige ƙarƙashin matashi, shirin kuwa ya yi gaba da kashi uku ban san abin da ya faru a cikinsu ba. Ban daina kallo ba, kuma ba zan ce ki daina ba, domin wadda ta wuni tana fama da karatu ko aiki ta cancanci ta yi dariya kafin ta kwanta. Abin da na koya shi ne, ba a yanke shawarar tsayawa da tsakar dare, lokacin da gajiya ta riga ta raunana hankali. Tun da sauran haske ake shirya ta.

Ki fara da lissafi. Masana barci suna ba baligi shawarar ya samu sa'o'i 7 zuwa 9 a kowane dare, matashiya kuwa mai shekara 13 zuwa 17 tana bukatar 8 zuwa 10. Ki tsayar da lokacin da dole ki tashi, sannan ki ƙirga baya. Idan ƙarfe 6 na safe ne lokacin tashinki, to ƙarfe 10 na dare ya kamata ya same ki a kwance, wato dole kallo ya ƙare kafin nan da aƙalla rabin sa'a. Lokacin tashin nan shi ne ginshiƙi, ki riƙe shi har a ranakun hutu, saboda agogon da ke cikin jiki yana daidaituwa ne da maimaici, kuma barcin ramuwa da ake narka a ƙarshen mako yakan sa daren da ke biye ya zama na juye-juye a kan gado.

Daga nan sai ki san da wa kike kokawa, domin ba raunin zuciyarki kaɗai ba ne. A shekarar 2017 Reed Hastings, wanda yake shugabantar Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, a lokacin, ya faɗa a fili cewa barci yana cikin abokan gasar kamfaninsa. Shi kuma Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro a 2006 salon nan na jan shafi ƙasa ba tare da ya ƙare ba, daga baya ya nuna nadama a kan yadda aka yi amfani da shi. An cire wuraren tsayawa ne da gangan, saboda haka aikinki shi ne ki mayar da su. Ki shiga saitin manhajar da kike kallo da ita, ko YouTube ce ko Netflix, ki kashe tsarin da ke kunna kashi na gaba da kansa. Sannan ki sa wa manhajojin da suka fi cin lokacinki iyaka ta hanyar Digital Wellbeing idan wayarki Android ce, ko Screen Time idan iPhone ce.

Akwai wata dabara da ta fi duk waɗannan amfani a gare ni, kodayake ƙawayena sun yi mini dariya da na fara faɗa musu. Kada ki tsaya a ƙarshen kashi. Ki tsaya a tsakiyarsa. Masu rubuta irin waɗannan shirye-shirye sun san aikinsu, a ƙarshen kowane kashi suke ɗana tarko, daidai inda aka buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba, ko inda asiri ya kusa tonuwa. Idan kika kai nan, da wuya ki iya ajiye waya, kuma ko kin ajiye, zuciyarki za ta ci gaba da saƙa da warwara. Amma idan kika kalli minti goma na farkon kashi na gaba, kika ga yadda aka warware ƙullin, za ki tarar labarin ya lafa, ana ta hirar da ba ta da zafi. A nan ake kashewa. Na farko zai yi miki kamar kin bar magana a baki, amma bayan kwana biyu za ki ga babu abin da ya fi shi sauƙi.

Maganar da ake yi cewa hasken waya yana hana barci kuma gaskiya ce, sai dai ana yawan zuzuta rabinta. Idan duhu ya yi, wani ɗan ƙaramin sashe a ƙwaƙwalwa yana sakin sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi, haske mai ƙarfi kuwa yana jinkirta fitowarsa. Rage hasken allo da kunna launin dare suna taimakawa kaɗan, amma ba su hana labari mai tayar da hankali ko gardamar da ta ɓarke a zauren hira su hana ki runtsawa. Abin da ya fi inganci shi ne nisa. Ki mayar da cajarki can nesa da gado, inda sai kin miƙe tsaye kafin hannunki ya kai, kuma idan hujjarki ita ce waya ce ke tashin ki, ki nemi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Ki gaya wa ƙawayenki cewa bayan ƙarfe kaza ba ki amsa saƙo. Za su yi ƙorafi na mako ɗaya, sannan su saba.

Ki lura da abin da kike sha da yamma. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi, shayi da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kimanin sa'o'i 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka abin da kika sha da ƙarfe 5 na yamma yana nan yana aiki sa'ad da kike neman barci.

Kunne da ido su ma suna biyan bashin kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har sa'o'i 40 a mako ba tare da haɗari ba, amma da zarar ƙarfin ya haura, lokacin yakan ragu ƙwarai da gaske. Idan wanda ke kusa da ke ya yi magana ba ki ji ba, to sautin ya yi yawa, kuma kada ki yi barci da abin sauraro a kunne. Ido kuwa yana rage ƙiftawa idan ya kafe a kan allo, shi ya sa yake bushewa yana yaji. Duk bayan minti 20, ki ɗaga kai ki dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

A daren farko da kika ajiye waya, mai yiwuwa barci ya ƙi zuwa, kuma nan ne yawancinmu muke komawa gidan jiya. Idan kin yi kamar minti 20 kina juyi, ki tashi daga gadon, ki zauna a wuri mai ƙarancin haske ki karanta wani abu mara tayar da hankali, sai kin ji idonki ya yi nauyi ki koma. Manufar ita ce ƙwaƙwalwa ta sake danganta gado da barci. Da safe ki fita ki sami hasken rana, ki yi 'yar tafiya da sauri, wadda za ta shiga cikin minti 150 na motsa jiki da ake so a samu a mako. Idan gyangyaɗi ya dame ki da rana, minti 20 ya isa, kada kuma ki bari ya kai yamma.

Ni kaina nakan zame wani lokaci, musamman idan shiri ya zo ƙarshe, kuma ba na ɗaukar hakan a matsayin rushewar komai. Washegari nakan tashi a lokacina, in bar gajiya ta kai ni gado da wuri. Amma idan kin gyara duk wannan, kina samun sa'o'inki cikakku, kuma har yanzu kina tashi a gajiye, ko jiri yana ɗibar ki, ko numfashinki yana sama-sama idan kin hau bene, ki je a duba jininki, musamman idan al'adarki tana zuwa da yawa, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya zama ruwan dare a tsakanin mata masu shekarunmu. Haka nan idan rashin barci yana samun ki dare 3 ko fiye a mako har tsawon wata 3, ko yana tafe da damuwa da ƙuncin zuciya, ki ga likita, kada ki sayi maganin barci da kanki. Ki tafi da takardar da kika rubuta lokacin kwanciyarki da na tashinki na mako biyu, domin tambayar da za a fara yi miki ke nan.