Yadda Za Ka Samu Damar Ajiye Fayil a Fatishan Ɗinka a Linux

A shagonmu na Computer Village da ke Ikeja, da wuya in ɗora wa mutum Ubuntu bai dawo cikin mako guda da kuka ɗaya ba: fatishan, wato wani yanki na hard disk ɗinsa, ya buɗe, yana ganin fayilolinsa, amma ko hoto ɗaya ya ƙi ajiyuwa, sai "Permission denied". Wasu kafin su iso sun riga sun buga `chmod 777`, umarnin da ke ba kowa cikakken izini, a kan komai. Kul. Ƙofa ka wangale wa kowa, kuma a wasu fatishan ɗin ba ya ma tasiri.

Fara da buga `lsblk -f` a Terminal ka ga sunan fatishan ɗin (a misalan nan sdb1 ne) da irin tsarinsa, domin maganin ext4 daban ne da na NTFS.

Idan ext4 ne, shi kansa yake riƙe da sunan mai kowane fayil, kuma sabon fatishan na root ne, wato babban mai iko a Linux. Ka ɗora shi tukuna a kan wata folda da `mount`, sannan ka karɓe shi da `chown`, umarnin da ke canza mai fayil:

`sudo mount /dev/sdb1 /mnt/kaya`
`sudo chown -R $USER:$USER /mnt/kaya`

Tukuna, na ce. A nan na taɓa ɓata wuni guda a kan kwamfutar wani ɗan'uwanmu mai sayar da waya a Agege. Na yi chown a kan foldar tun tana fanko, na duba na ga sunansa, na ɗora fatishan, sai ga root ya dawo. Na sake, ya sake dawowa. Ashe da zarar ka ɗora fatishan a kan folda, tsohuwar foldar ta shige ƙasa, izinin da kake gani na fatishan ɗin ne. Duk abin da ka gyara kafin ɗorawa, shuka ka yi a idon makwarwa. Ka kuma karanta hanyar da ka rubuta sau biyu, domin chown -R a kan `/`, uwar foldoji duka, zai lalata maka tsarin gaba ɗaya.

NTFS da exFAT kuwa ba su san masu fayil irin na Linux ba, chown ba ya kama su. A wajen ɗorawa ake faɗa musu mai su. Buga `id` ka ga lambarka, mai amfani na farko a Ubuntu 1000 ne:

`sudo mount -o uid=1000,gid=1000,umask=022 /dev/sdb1 /mnt/kaya`

In NTFS ne kuma har yanzu karatu kawai yake bari, Windows ɗin da ta yi aiki da shi ce ba ta mutu sosai ba. Fast Startup, tsarin Windows na saurin tashi, ke jawo haka, ko an ɗauke wuta tana cikin aiki, abin da ba baƙo ba ne a Legas. Koma Windows ka buga `powercfg /h off` da izinin admin, ka kashe ta yadda ya kamata. Kada ka biya kowa kuɗin wannan.

Don kada ka riƙa maimaitawa kullum, saka layi a `/etc/fstab`, fayil ɗin da ke faɗa wa Linux fatishan ɗin da za ta ɗora idan ta tashi, da UUID (lambar shaidar fatishan) ɗin da lsblk ya nuna maka, ban yarda da sdb1 ba domin sunan na canzawa. Ƙara `nofail` don kada kwamfutar ta ƙi tashi in babu fatishan ɗin, ka gwada da `sudo mount -a` kafin ka kashe kwamfutar.