Yadda Mai Bi Zai Yi da Kasawarsa Ba Tare da Ya Fid da Zuciya Ba

Masu bin Almasihu da yawa suna daina addu'a ne washegarin ranar da suka faɗi cikin zunubi, suna jira sai sun gyaru kafin su koma gaban Allah. Wannan jiran yakan fi faɗuwar kanta yin ɓarna.

Ka fara da raba kasawa da zunubi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Barcin da ya kwashe ka kana addu'a bayan ka wuni a gona, mantuwa, rawar murya in an ba ka karatu a sujadar coci, duk kasawa ce. Zabura 103:14 ta ce Allah yana tunawa cewa mu ƙura ne. Ita kasawa hutu take so da gyaran tsari, kamar mai da lokacin addu'ar zuwa asuba. Amma gulma, tauye mudu, riƙe ɗan'uwa a zuci, waɗannan zunubi ne, sai tuba. Wanda ya ɗauki gajiya a matsayin zunubi zai yi ta tuhumar kansa a banza. Wanda kuma ya kira zunubinsa kasawa, ba zai tuba ba.

Kowane dare ka ware minti 10 zuwa 15, da ɗan littafin rubutu. Ka gode wa Allah a kan abu biyu ko uku. Sai ka bi wuninka daga safe zuwa dare, ka fitar da laifi ɗaya, ka kira shi da sunansa. "Ka gafarta mana dukan zunubanmu" ba ya taɓa zuciya kamar "na tsawata wa matata a gaban yara." Ka karanta 1 Yahaya 1:9, ka rubuta abu ɗaya da za ka yi gobe, ka rufe littafin. Abin da ka furta kada ka sake tono shi.

A nan ake yawan yin kuskure. Kunya takan sa mutum ya ɗauki babban alkawari: azumin kwana bakwai, sura goma kullum. Kafin mako ya zagayo ya karya, sai laifi ya zama biyu. Sura ɗaya da za ka iya riƙewa ta isa. Wani kuma yakan fake da cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Gaskiya ne, amma Manzo Bulus ya toshe wannan ƙofar a Romawa 6:1-2. Ma'aunin shi ne: ka je wurin wanda ka ɓata wa? Ka mayar da abin da ka ci? Matiyu 5:23-24 ya sa sulhu gaba da miƙa baiko ga Allah.

Ka nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri, namiji ga namiji, mace ga mace, ku riƙa zama sau ɗaya a mako biyu, kuna furta wa juna zunubanku kamar yadda Yakubu 5:16 ya koyar. Lokacin ba da shaida a gaban ikilisiya ba wurin wannan ba ne, musamman in maganar ta shafi wani.

Wata kasawar ba za ta tafi ba. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa da cewa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Saboda haka in ka buɗe littafinka bayan wata uku, kada ka tsaya ƙirga sau nawa ka faɗi. Ka duba ko kwanakin da kake ɗauka kafin ka koma ga addu'a sun ragu, da ko ka fara sassauta wa na gida in sun yi kuskure.

In baƙin ciki ya wuce mako biyu, ba barci ba cin abinci, ka gaya wa fasto, ka kuma ga likita.