Jan Motar da ta Mutu a Hanya: Aikin na Direban Baya ne

Da yawa suna ɗauka direban gaba ne ke da aiki. Ni da nake sana'ar tuƙi tsakanin Kano da Zariya, direban baya na fi ji wa tsoro, domin motar da injinta ya mutu ba motar da ka sani ba ce. Ka taka burki sau biyu ko uku, iskar da ke taimaka masa ta ƙare, sai ya yi tauri. Sitiyari ma ya yi nauyi, kwanar da kake sha da hannu ɗaya yanzu sai ka sa ƙarfin kafaɗa. Don haka kada a ɗora ɗan koyo a kujerar.

Da farko a gangara da motar gefen titi, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can nesa a baya. Ganyen da muke zubawa ba ya ganuwa da dare. Fasinja kowa ya sauka.

Igiya a ƙugiyar ja ake ɗaura ta. Tana ƙarƙashin bamba, a wasu motocin kuma ƙarfe ne mai zobe da ake murzawa, yana cikin but kusa da safaya. Kada ka ɗaura a bamba ko a ƙarafan sitiyari, don Allah. Na ga bamba ta ɓalle ta yi sama, Allah ne ya tsare mai babur ɗin da ke gefe. Tsawon igiya kamar mita 4 ya isa, a ɗaura jan ƙyalle a tsakiya saboda 'yan adaidaita sahu masu kutsawa ko'ina.

Kai na baya, murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, in ba haka ba sitiyari zai kulle a kwanar farko. Sa giya a furi, sauke burkin hannu. Na gaba ya taso a hankali har igiya ta miƙe, kuma kada ya wuce kilomita 25 a awa. Daga nan aikinka shi ne kada igiyar ta yi sako-sako. A gangara kai za ka riƙa taɓa burki, a wajen tsayawa kai za ka fara. Igiyar da ta saki sannan ta fizga ita ke tsinkewa, ita ke sa ka daki bayan mai taimakonka. Ku yi yarjejeniya tun kafin tashi: oda mai tsawo na nufin tsaya.

Mota atomatik kuwa, in injin ba ya aiki man giya ba ya zagayawa, jan ta da nisa zai cinye giyar. Ita da wadda burkinta ya shanye, da wadda batirinta ya mutu da dare ba fitila, a bar igiya a kira janwe, ko a buga wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122.