Kurakuran da aka fi yi wajen auna ingancin rayuwa a matakin yanki da gunduma

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki ma'aunin da aka tsara don ƙasa baki ɗaya a ɗora shi a kan gunduma ko unguwa, ba tare da an tambayi inda alƙaluman suka fito ba. Ma'aunin ci gaban ɗan'adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, bisa aikin masana tattalin arziki Mahbub ul Haq da Amartya Sen, ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, kuma yana da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa. Da zarar an sauko da shi zuwa ƙaramin yanki, sai ginshiƙansa su fara rawa.

Kuɗin shiga ne ya fi yaudara. Ana lissafa GDP, wato jimillar darajar kayayyaki da ayyukan da aka samar, a inda aka samar da dukiya, ba a inda ma'aikaci yake kwana ba. A ƙasar Luksamburg, kusan rabin ma'aikata daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke shigowa su koma gida, amma abin da suka samar a kan mazauna ƙasar kaɗai ake raba shi, don haka adadin GDP na kowane mutum ya kan kumbura. Haka abin yake tsakanin kowane babban birni da garuruwan da ke kewaye da shi. Gyaran shi ne a auna kuɗin da ke shiga hannun magidanta a inda suke zaune, sannan a daidaita shi da tsadar rayuwa a wurin, musamman kuɗin haya.

Sai batun yawan gidajen da aka tambaya. Binciken gida-gida da ya wadatar a yi magana a kan ƙasa ba lallai ne ya wadatar a kan gunduma ba, domin idan aka rarraba gidajen, wata gundumar 'yan ƙalilan za ta samu. Duk da haka ana jera gundumomi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, wataƙila saboda irin wannan jeri ne shugabanni da 'yan jarida suke so. Abin da ya kamata shi ne a haɗa sakamakon binciken da bayanan ƙidayar jama'a, kamar yadda ake yi wajen zana taswirar talauci, a kuma bayyana girman kuskuren da ke iya kasancewa a kowane adadi. Idan kuwa ƙidayar ta wuce shekara goma, a faɗa a fili.

Matsakaicin adadi ma yana ɓoye gaskiya, domin iyaka ɗaya tana iya haɗa unguwar masu hali da ta marasa ƙarfi, kuma sauya iyakar kaɗai yana iya sauya sakamakon alhali rayuwar kowa tana nan yadda take. Ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda masanan Jami'ar Oxford da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar a 2010, ya rage wannan matsalar, saboda yana duba alamomi 10 a gida ɗaya ɗaya, irin su ruwan sha da wutar lantarki da zuwan yara makaranta.

Ana kuma mantawa da tambayar mutanen da ake aunawa. Rahoton kwamitin masanin tattalin arziki Joseph Stiglitz na 2009 ya ba da shawarar hukumomin ƙididdiga su riƙa tambayar jama'a yadda suke ganin rayuwarsu. Sharaɗin kawai shi ne a yi tambayar da kalmomi iri ɗaya a kowane yanki, in ba haka ba amsoshin ba za su kwatantu ba.